Guda Cikin Tara Gaskiya Take Faɗa: Nazarin Aikin Na'urorin Gargaɗin Gobara a Wani Bene a Tawa

Gidan bene ne mai hawa ɗaya a cikin garin Tawa, ba nisa da kasuwa. A ƙasa akwai shaguna uku masu fuskantar titi: na katifun soso, na tela, da wani da ake cajin wayoyi ana sayar da kayan sanyi. Bayansu akwai zaure, ɗakin mai gadi da madafa. A sama ɗakunan kwana shida ne da falo, duk a jere bakin wani dogon lungu, kuma mutum goma sha bakwai ke kwana a cikinsu. Matakala ɗaya ce tak ke kai mutum sama ta sauko da shi. Kowace taga an gindaya mata ƙarafuna saboda ɓarayi.

Mai gidan, Alhaji, kamar Adarawa da yawa masu irin wannan gini, a Abijan ya yi arzikinsa, can kuma yake zaune. Gida na hannun ƙanensa da uwargida, Hajiya. Ɗan Alhaji da ke karatu a Faransa ne ya aiko da kwali ɗauke da na'urori 14, fararen faya-faye masu faɗin bakin kwanon sha. A can, tun ranar 8 ga Maris 2015 doka ta wajabta wa kowane gidan kwana ya kasance da na'urar jin hayaƙi, yaron kuma ya saba ganinta bisa kansa a ɗakin da yake haya. Bai sha wahalar shawo kan mahaifinsa ba. Duk ɗan kasuwar Nijar mai shekaru yana riƙe da labarin ƙonewar Babbar Kasuwar Yamai a 1982, ƙanana kuma sun ga yadda wuta ta cinye Ƙaramar Kasuwa a 2012. Mutumin da iyalinsa ke kwana bisa tarin katifun soso ba ya bukatar dogon wa'azi.

Wani yaron mai gyaran wuta ne ya kafa su cikin watan Nuwamba, guda a kowane ɗaki, guda kuma a saman matakala. Ya danna maɓallin kowace, ta yi ƙara, aka biya shi. Ni an kira ni ne wajen tsakiyar Disamba, ba don a gyara ba, don in zo in sauke su. Ranar da na shiga na ɗora tsani na bi su ɗaya bayan ɗaya. Tara babu pil, wato batir, a cikinsu.

"Ɗana, waɗanga abubuwa ba su barin mutum shi yi kwana," in ji Hajiya. "Ko turare na sa, sai su tara mini jama'a." Ta riga ta raɗa musu suna, 'yan tsegumi.

Abin da ke cikin faifan

Na'urar uku ce cikin ɗaya, kuma duk rigimar gidan daga nan ta taso, don haka sai an san cikinta. Ni ina kwatanta wa mutane da ido, fata da hanci.

Idon shi ne mai ganin hayaƙi. Wani ɗan akurki ne mai duhu a cikin na'urar, da ƙaramar fitila tana haska gefe guda, da mai karɓar haske a wani gefen da hasken ba ya kai masa. In hayaƙi ya shiga, ƙwayoyinsa sai su watsa hasken ya faɗa kan mai karɓar, ƙara ta tashi. Matsalar ita ce idon bai san hayaƙin katifa da na turaren wuta ba, bai kuma san hayaƙi da ƙura ko tururi ba. Duk abin da ya watsa haske, hayaƙi ne a wurinsa.

Fatar ita ce mai jin zafi. Irin na gida yawanci suna kuka ne in zafin wurin ya kai kusan digiri 58. Ba ta da rawar kai, amma tana makara: kafin rufin ɗaki ya yi wannan zafi, wuta ta riga ta kama sosai.

Hancin shi ne mai jin kabon monoksayid, gubar da ke fita daga gawayi, itace, gaz ko fetur in suna ci ba tare da isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da sau 200 yadda yake kama iskar oksijin, sai jiki ya riƙa shaƙewa daga ciki alhali mutum yana numfashi. Hancin nan ba ya kuka nan take, da gangan aka yi shi haka. Bisa ƙa'idar Turai mai lamba EN 50291, wadda aka buga a bayan waɗannan na'urori, in gubar ta kai kaso 50 cikin miliyan na iskar ɗaki, za ta yi kuka tsakanin minti 60 zuwa 90. In ta kai 100, tsakanin minti 10 zuwa 40. In ta kai 300, kafin minti 3. A riƙe wannan jinkiri, don shi ne ya tona asirin gidan.

Bin sawun tara

Ban sauke ko ɗaya ba. Na roƙi ƙanen Alhaji ya ba ni kwana biyu, na zauna da kowa ina tambaya ɗaya: yaushe ta yi kuka, me kuke yi a lokacin?

Mafi yawansu ba su ɗauki lokaci ba. Ta madafa, suyar mai da tururin tukunya. Ta shagon tela, dutsen guga na gawayi da yake hurawa in babu wuta. Ta falo da ta ɗakin Hajiya da ta ɗakin amarya, turaren wuta, kullum bayan magariba. Ta zaure kuwa da na buɗe ta, cikin akurkin ya yi ja da ƙura, don ƙofar zauren tana fuskantar gabas, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa mana, ɗauke da abin da ta kwaso a hamada. Biyu ba su taɓa yin kuka ba ma: pil ɗin ɗaya yana cikin rediyon mai gadi, na ɗayar yara sun sa a rimot ɗin talabijin. Takwas ke nan.

Ta tara ita ce ta saman matakala, kuma labarinta ya ƙi shiga sahun sauran. Babu mai turare a wurin, babu girki, cikinta kuma tsaf yake. Wata budurwa cikin 'ya'yan gidan ce ta ce mini kukanta ma daban yake, ba irin na ranar turare ba, kuma da tsakar dare take yi. Na ce kowane dare? Ta ce a'a, sai daren da aka ɗauke wuta. Ba kuma da an ɗauke ba, sai an jima, har mutum ya fara barci.

Na sauka na leƙa ƙarƙashin matakalar. Gurub ne, wato injin ba da wutar lantarki, na fetur, an gina masa ɗan ɗaki da ƙofar ƙarfe da kwado. An saye shi ne bayan watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ƙasar nan kuwa a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga can take samu. Gidaje da yawa sun sayi gurub a wannan tsakanin, kuma tambayar da kowa ya yi wa kansa ita ce ina zan ajiye shi ɓarawo bai ɗauka ba. Ƙarƙashin matakala amsa ce mai kyau ga wannan tambaya. Sai dai ramin matakala bututu ne. Hayaƙin gurub da ɗuminsa yake fita, ya bi ramin ya hau, a sama kuma ya tarar da lungu a rufe ruf, don sanyin Disamba ya sa an toshe kowace kafa.

Da dare na sa aka fitar da kowa tsakar gida, aka rufe tagogin sama yadda aka saba, muka tayar da gurub ɗin. Na mayar wa ta saman matakala pil ɗinta, na rataye ma'aunina na hannu kusa da ita, ina hawa ina dubawa ina saukowa. Cikin rabin sa'a ma'aunin ya haura 100. Ba a jima ba 'yar tsegumi ta fasa kuka, jar fitilar gefen hanci tana walƙiya.

Ɗakin da ke daf da matakalar na matar ƙanen Alhaji ne da 'ya'yanta biyu. Ashe tun shigowar sanyi suke tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. An kai su likita an gwada jini, ba a ga zazzaɓin sauro ba, jikinsu ma ba zafi. Da rana in sun fita sai su warware. An fara zancen iska, har an karɓo rubutu. Iska ce kam, amma ba wadda ake wa ruƙiyya ba. Alamun nan uku, wato mutane da yawa a wuri ɗaya su kamu tare, babu zazzaɓi, kuma su ji sauƙi in sun bar wurin, su ne abin da ya kamata kowa ya sani game da wannan guba. Na ce a koma da su likita a faɗa masa zancen gurub ɗin, don nawa aikin a bango yake tsayawa.

A ganina laifin bai rataya kan mutanen gida ba. Na'urori shida sun yi makonni suna koya musu cewa ƙarar nan ba ta nufin komai. Da ta bakwai ta zo da gaskiya, darasin ya riga ya zauna. Wanda ya kafa su ya ɗauki abin da aka ƙera don gidan da ba a turare, ba a guga da gawayi, ƙura kuma ba ta shiga, ya manna shi a gidan Tawa kamar yadda ake manna ƙwan fitila.

Sake aikin

Gurub aka fara da shi, kuma shi ya fi cin rai. Shawarar masana lafiya ita ce ya zauna a fili, nesa da ƙofa da taga da kimanin mita 6. Ƙanen Alhaji ya ce ko kusa, wa zai bar injin a tsakar gida? Sai da muka kira Abijan ta WhatsApp na nuna wa Alhaji hoton ma'aunin. Ya yi shiru, sannan ya ce da ƙanensa, "Ka kira maƙeri gobe." An yi masa kejin ƙarfe a can ƙuryar tsakar gida, rufi a sama, gefe huɗu a buɗe, bakin hayaƙin yana kallon katanga ta waje. Kuɗin kejin da wayar da aka ƙara ja sun yi tsada, har aka yi ta gunaguni.

Sai madafa. Uku cikin ɗaya ba ta da wurin zama a inda ake girki, don idonta ba ya rufuwa. Na aika Yamai aka sayo mai jin zafi kaɗai, na kafa a madafa, wata kuma a shagon tela. Saboda butel ɗin gaz da gawayin da ake amfani da su, na ƙara mai jin guba kaɗai a bangon madafa, tsakanin mita 1 zuwa 3 daga murhu, sama da tsayin ƙofa. Wasu na cewa a sa ta ƙasa-ƙasa wai gubar nauyi gare ta. Ba haka ba ne. Nauyinta kusan ɗaya da na iskar da muke shaƙa, kuma tunda da ɗumi take fita, sama take fara yi. Gaz ɗin butel ne ke kwanciya a ƙasa in ya zuba, shi kuwa waɗannan na'urori ba su jin sa sam. Wannan na maimaita wa masu girki har sau uku.

A ɗakunan kwana, uku na same su manne daf da fanka, wataƙila don nan ne tsani ya fi zama. Iskar fanka tana kore hayaƙi daga na'ura. Na matsar da su aƙalla mita guda daga bakin fukafukan, ban kuma kai su kusurwa ba, don a kusurwar rufi iska ba ta motsi. Ana barin aƙalla santimita 30 daga bango. Ta zaure na ɗauke ta daga layin ƙofa na kai ta lungun da ke zuwa matakala.

Turare kuwa ba wanda ya isa ya hana Hajiya, ban ma gwada ba. Abin da muka yi shi ne sulhu. Na nisanta na'urar daga kusurwar da take ajiye kasko. Na nuna mata cewa maɓallin tsakiya yana sa idon ya yi shiru na kimanin minti goma, sannan ya farka da kansa. Aka ajiye wata doguwar sanda bayan ƙofa. In ta tashi turare, taga a buɗe, in 'yar tsegumi ta yi magana a dungure ta da sanda. Sharaɗi ɗaya na kafa: in fitilar hanci ce ta kama, ba a dungura, fita ake yi.

Mai gadi dattijo ne, ɗakinsa ƙarami, taga ɗaya ya toshe ta da kwali. Da na shiga da safe na tarar da furno, wato murhun gawayi, da sauran toka a gefen shimfiɗa. Na ce, "Baba, da wannan kake kwana?" Ya ce sanyin asuba ba ya jin magana, shi kuma shekara da shekaru yana haka bai mutu ba. Gawayin da ya yi ja ya daina hayaƙi shi mutane ke ɗauka ya zama lafiyayye, alhali a lokacin ma yana fitar da gubar. Na saya masa pil na rediyo, Hajiya ta ba shi bargo biyu, na cire kwalin tagar. Ko ya daina shigar da furno, Allah ne masani, amma na'urarsa tana da pil, na kuma ɗaure murfinta da ɗan sukuru.

Gwaji

Danna maɓalli ba gwaji ba ne, ko in ce rabin gwaji ne. Yana nuna pil na da rai, ƙaho kuma na aiki. Ba ya nuna ko hayaƙi zai iya ratsa ragar da ƙura ta toshe. Don haka kowace gaɓa da nata gwajin. Ido, da gwangwanin feshin hayaƙin gwaji, fesawa kaɗan daga ɗan nesa. Fata, da na'urar busar da gashi da muka aro wurin amarya, ana hura mata daga nesa kaɗan don kada robar ta narke. Hanci, da gwangwanin gubar gwaji da leda da ake lulluɓe na'urar, sai haƙurin jira. Ba a gwadawa da kyandir ko ashana, ba a kuma kai ta bakin salansar babur kamar yadda wani ya ba ni shawara. Ƙazantar da ke cikin wannan hayaƙi tana lalata hancin. Ta zaure ta faɗi gwajin farko, ta ci bayan na share akurkinta da buroshi mai laushi da abin hura iska na masu gyaran kwamfuta. Ta madafa ta dā, wadda maiƙo ya riga ya daskare a cikinta, ba ta farfaɗo ba, na ajiye ta gefe.

Gwajin da ya fi tayar mini da hankali na kunne ne. Ƙa'ida ta ce ƙarar ta kai desibel 85 a nisan mita 3, kuma a cikin ɗaki tana kaiwa har ta yi yawa. Amma na sa aka rufe shagon katifa, na tayar da na'urar ciki, na hau ɗakin ƙarshe na rufe ƙofa na kunna fanka. Abin da na ji bai fi kukan gyare ba. Ƙofar ƙarfe, bulon siminti da kankaren bene sun shanye ta. Wutar da aka fi tsoro a gidan kuwa a nan za ta tashi, da dare, shago a kulle, soso kuma in ya kama yana ci da sauri da baƙin hayaƙi mai guba.

Ashe na'urorin suna iya magana da juna ta iska, ba wanda ya haɗa su. In an haɗa, ɗaya ta yi kuka duka su amsa. Nan ma sai da na yi tunani, don in na haɗa duka, turaren amarya zai tayar da gida har da shaguna, mu koma gidan jiya. Na haɗa na shaguna uku da ta gindin matakala da ta samanta, na ƙara guda a tsakiyar lungun sama. Na ɗakuna na bar kowace da kanta. Wanda ya bi littafi zai ce a haɗa duka. Ni na zaɓi abin da zai kai wata shida da pil a cikinsa.

Daren ƙarshe muka yi atisaye. Na tayar da ƙara ba tare da na faɗi lokaci ba. Kowa ya sauko da wuri, har da masu goyo, sai aka cunkushe a gindin matakala. Ƙofar fita a kulle da kwado, makulli a aljihun ƙanen Alhaji, shi kuma yana hira a bakin titi. Muka tsaya muna kallon juna har aka kira shi a waya. Na buga ƙusa kusa da ƙofar inda yaro ba ya kaiwa, na rataye makulli na biyu, na rubuta lambar 'yan kwana-kwana, 18, da babban baƙi a bango.

Komawa cikin bazara

Na koma a watan Afrilu, don akwai abin da sanyi ba zai nuna mini ba. Takardar na'urorin ta ce su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, Tawa kuwa a Afrilu da Mayu a inuwa ma tana wuce haka. Na manna ma'aunin zafi a rufin ɗakin ƙarshe na sama, wanda kwano ke bisansa, da azahar ya nuna 47. Bai isa ya sa fata kuka ba, amma yana cin pil, yana kuma busar da ruwan sinadarin da ke cikin hancin, wanda bushewar iskar rani ta riga ta wahalar. Shekara goma da aka rubuta a kwali lissafin wata ƙasa ne. Na rubuta ranar kafawa da alƙalami a gefen kowace, na ce a riƙa danna maɓalli kowane wata, a share ƙura duk wata cikin hunturu, ni kuma in zo da gwangwanayena sau biyu a shekara, farkon sanyi da ƙarshen bazara.

Duka na same su da pil. Sandar Hajiya har ta yi santsi a hannu. Ciwon kan ɗakin matakala bai dawo ba. Ƙusar bakin ƙofa kuwa tana nan, babu komai a jikinta: an yi sata a makwabta cikin watan Fabrairu, ƙanen Alhaji ya mayar da makullin aljihunsa. Na aika wa Abijan hoton ƙusar, har yanzu ina jiran amsa.